Benci na Sha Bakwai

Daren Asabar, ƙarshen Yuli, a Iowa.
Masara ta kai wuyan mutum a bayan filin wasa,
motocin 'yan badujala sun jeru suna huci,
warin gas da na gugguru sun gauraya.
Ni ce a tsakiya, kamar kullum:
Baba Orval a dama, 'yata Tessa a hagu,
ni ce katangar da suke jifa ta kanta.

Ba a busa komai ba tukuna Baba ya fara:
"Dubi tulin wayoyi! Lasifika takwas na ƙirga.
Mu da huhu muka yi namu.
Bigila, ganga, tuta, shi ke nan.
Rigar ulu mai maɓallan tagulla a tsakiyar zafi,
sahu a miƙe kamar an ja zare,
alƙali na bin bayanka da fensir,
ƙafa ta goce, ya rubuta.
Waɗannan fa? Kayan barci suka sako,
suna birgima a ciyawa kamar an watsa musu ƙaiƙayi."

Tessa shekara biyu ta yi tana wulwula tuta,
ta kwana a daɓen makarantu arba'in,
tabon sanda har yau yana haɓarta.
"Kaka, na ga hotunanku.
Kun ƙame kamar turakun shinge.
Zo ka busa kana gudu da baya,
sannan mu yi magana."

"Mu yaran unguwa ne," in ji shi,
"ɗan mahauci, ɗan mai gyaran famfo,
da Wendell, da ko takardar kiɗa bai iya karantawa ba.
Ba a karɓi sisinmu ba.
Ke nawa uwarki ta biya?"

Nan Tessa ta yi shiru.
Ni ma na yi, don ni na sayar da motar.

Can ta ɗago, ta nuna kunnensa:
"Wannan da ke maƙale nan fa, ba lasifika ba ce?"
Baba ya harare ta,
ya zare na'urar jin, ya jefa aljihun gaba.
"To, na cire tawa.
Mu ji abin da ya rage."

Minti goma sha ɗaya.
Aka yi gudu, aka yi rawa, aka watsa tutoci sama,
wata murya ta yi ta surutu daga lasifika,
Baba bai ji ba, kuma bai yi asara ba.
Sai ƙarshe ya zo:
yara tamanin suka juyo gaba ɗaya,
suka ɗaga bakin ƙaho suka saita mu,
suka saki sauti ɗaya.

Wannan ba aikin kunne ba ne.
Ta ƙarfen benci ya shigo, ya bi ƙashin baya,
ya zauna a ƙirji ya ƙi fita.
Na duba dama: Baba a tsaye, sandarsa a ƙasa.
Na duba hagu: Tessa a tsaye.
Leɓunansu biyu suna ƙirga abu ɗaya,
diddigen hagu na faɗuwa tare.

A mota ya share maƙogwaro:
"Na ƙarshen nan, ba laifi.
Amma da sun tsaya wuri ɗaya, da ya fi."
Tessa ta ce, "Kai, Kaka!"
Aka koma gidan jiya.

Ina tuƙi, ina tuna abin da Inna ta faɗa mini:
ranar da aka ƙara wa bigilar Baba madanni,
mahaifinsa ya tashi ya bar filin,
yana cewa an kashe abin, an binne.
Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.
Ban faɗa ba. Na rage gudu a kan gada.

Mun kusa gida ya dafa kafaɗata:
"Na sati mai zuwa, kin sayi tikiti?
Benci na sha bakwai, Lorna.
A nan sautin yake sauka."

Tessa, daga baya, idonta a rufe:
"Na ashirin ya fi."