Ƙwayar Yashi a Hanyar Kware

Mun baro Kware yana gurnani kamar ƙosasshe,
buhun albasa biyu a bayana,
sai ya yi tari sau ɗaya.
Na murɗa totur, ya amsa
kamar mai magana da ruwa a baki,
ya ja jiki, ya mutu gindin dogon yaro.

Babur ɗin Baba ne.
Ya girme ni da damina uku.

Na girgiza tanki, akwai mai.
Na zare fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na goge da bakin riga, na jingina shi da inji,
na buga: wuta shuɗiya ta yi tsalle.
To, ba nan ba ne.

Labbo mai jakuna ya tsaya.
"Mi as same shi? Tsuhwa?"
Ban tanka ba. Ina jin muryar Baba:
"Inji bai ƙarya, yaro.
Ko yunwa, ko shaƙewa."

Na kwance gindin kafireta.
Ruwa da jar tsatsa,
ladan man kwalba mai rahusa.
Ramin jet, ɗan idon allura,
ƙwayar yashi ɗaya ta zaune shi daram.
Na zira silin waya, na hura,
ɗacin fetur har maƙogwaro.

Bugu uku, shiru.
Na huɗu, jakin Labbo ya zabura.

Na isa Ramin Kura bayan la'asar,
dillalai sun rage kuɗin buhu.
Ban yi ciniki ba, na sallama.
Har gida leɓena na warin mai,
irin warin gaisuwar Baba in ya dawo da dare.