Gindin Kwalba

Inda hanyar tsakuwa ta yi karo da titin Helena,
can tsakiyar gonakin audugar Arkansas,
nan kantin Odell Tackett yake,
ginin katako, rufin kwano ya sha tsatsa,
ƙofar raga tana kuka kamar tsohuwar akuya.

Inna takan aike mu sayen gishiri da kananzir,
amma ƙafa ta san inda ta nufa:
jan akwatin ƙarfe a lungun dama,
yana gurnani shi kaɗai.
Ka ɗaga murfi, sanyi ya mare ka.
Ga kwalaben lemo tsaye cikin ruwan ƙanƙara har wuya,
kamar masu jiran baftisma a kogi.
Ka zura hannu har gwiwa kana lalube,
yatsu su mutu, ƙashi ya ɗau zugi,
ba ka fasa ba
sai ka kamo ta inabi da ta ɓuya can ƙasa.
Odell daga bayan sikeli, ko ɗago kai bai yi ba:
"Rufe min akwati, yaro,
ƙanƙara ba daga sama take faɗo min ba."

Mabuɗi a kafe yake a jikin akwatin.
Fus! Marfi ya faɗa gwangwani.
Kurɓin farko ya hau hanci, ya sauko da hawaye,
kwabo biyar, kuɗin rabin yini a kunyar auduga,
yana gangarawa maƙogwaro
ba tare da nadama ba.

Yayana Harlan ya koya min zuba gyaɗa mai gishiri a ciki,
kumfa ta taso, ka tare da baki.
Shi ya koya min wasan gindin kwalba:
in ka shanye, ka kife ta,
ka karanta sunan garin da aka zubo ta.
Wanda tasa ta fi nisa ya ci,
ɗayan ya biya gobe.
Tawa kullum Memphis, ko Pine Bluff, nan bayan gida.
Ran nan tasa ta ce Tacoma.
Babu wanda ya taɓa jin sunan a bencin ƙofa.
Odell ya ciro taswira daga ƙarƙashin littafin bashi,
ya bi da ɗan yatsa, ya bi, ya bi,
har yatsa ya kusa faɗawa teku.
Muka yi shewa.
Harlan bai yi dariya ba.
Kwalbar nan bai mayar ba,
ya bar wa Odell kwabo biyun.

Da aka gama tsinkar auduga ta baɗi, ya hau mota.
Wasiƙa biyu, hoto ɗaya a bakin jirgin ruwa,
sai shiru ya ci gaba da rubuto mana.

Yanzu kurangar daji ta haɗiye kantin.
Akwatin yana bayan gini, kaji na ƙwai a ciki.
Odell yana kwance bayan coci,
bashinmu na kwabo talatin yana kwance tare da shi.

Jiya jikata Marnie ta zo daga birni
da kwalba a jakar takarda.
"Irin ta zamaninku ce, Kaka. Dala huɗu."
Na sha, don kada ta ji kunya.
Zaƙin yana nan, iskar tana nan,
ba zan yi wa lemo ƙarya ba.
Ƙishin ne babu,
irin wanda sai rana ta gasa ƙeya ake samunsa,
kuma hannuna a bushe yake.

Na shanye, na kife ta,
hannu ya riga tunani.
Na goge tabarau, na matsa kusa da taga.
Gindinta sumul.
Ba ta fito daga ko'ina ba.