Abin da Ya Wuce Rariya

Buhu uku aka tare a Ɗan Isa,
galura ce shuɗiya, ba ta da takarda.
'Yan duwan suka ɗebo cokali goma a leda,
suka aiko mana labo da safiyar Talata
da ɗan rubutu: a auna, a faɗi girman ƙwayarta.

Na sa safar hannu, na rufe hanci.
Na kashe fanka, don ko numfashi ɓarawo ne a nan.
Giram ɗari cif a kan sikeli.
Rariya bakwai na jera, wata bisa wata,
mai manyan idanu a sama,
ta ƙasa kuwa idonta ya fi gashin jinjiri siranta.
Na kunna inji, ya kama kaɗawa
kamar Inna tana tankaɗen garin hatsi,
sai dai ita da hira take nata,
ni da agogo: minti goma sha biyar.

Abin da ya tsaya a sama ba ya ba ni tsoro.
Mai nauyi ne, in ya tashi zai faɗo,
hanci ya tare shi, atishawa ta kore shi.
Wanda ya wuce duk bakwai ɗin nake nema,
wanda ya sauka a faranti ba motsi
kamar hayaƙin da ya gaji.
Shi na shafa a gilashi, na leƙa ta madubi.
Mikiron goma. Takwas. Ga wasu huɗu.
Raba milimita gida dubu, ka ɗauki huɗu:
mai wannan jiki ba ya sallama a ƙofar huhu.

Ubana Barmo marini ne a Bagalam.
Da baba ya yi tsada, karofi ya mutu,
sai ya koma rabin tano da garin leda.
Da haƙori yake kwance ƙulli,
ya zazzage, ya hure abin da ya maƙale.
Shekara ashirin da biyu.
Hannunsa shuɗi, wannan mun saba,
da shi yake gutsura mana ƙuli-ƙuli.
Ranar da ya yi tari cikin farin ƙyalle
muka ga rinin bai tsaya a fata ba.
Likita ya ce ciwon ƙirji ne.
Bai ce mikiron nawa ba.
Ba wanda ya auna.

Da la'asar Alhaji Illa ya iso, mai buhunan,
makullin mota na kaɗawa a yatsarsa.
"Cima, 'yata, gari ai gari ne.
Jika nawa nake asara kullum kayana na kwance?
Wa launi ya taɓa kashewa?"
Ban ja da shi ba.
Na matsa masa kujera, na ce ya sa ido.
Ya daɗe a duƙe.
"Kamar taurari," in ji shi.
Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya tsaya:
"Wannan abin da ke hancinki,
a ina ake sayarwa?
Jadi, yaron shagona, da tafin hannu yake awo."

Na cike takarda.
Abin da ya wuce rariya: sha bakwai cikin ɗari.
A liƙa gargaɗi a buhu, a jiƙa kafin a dama,
kada a buɗe inda iska ke wasa.
Akwai gurbin kwanan wata, akwai na hatimi.
Babu gurbin da zan sa sunan Barmo.

A hanyar gida, ta bakin Gulbi,
an shanya shadda tana ɗiga,
shuɗin nan mai sa mutum ya rage tafiya.
Ba zan yi ƙarya ba, har gobe yana burge ni.
Na wanke hannu sau uku kafin tuwo.
Inna ta kama ɗan yatsana, ta kai kusa da fitila,
ta ga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin farce.
Ba ta ce komai ba.
Ba ta kuma saki da wuri ba.