Rubutun da Ke Kumatun Taya

Girema bai taɓa zaman lakwal ba.
Baƙaƙen boko a kumatun taya ya koye su,
a tsugune, da babban yatsa,
bakin hanyar Tanut, inda inuwar bedi take ƙarewa.

Ranar Alhamis na je masa,
kuɗin albasa a ƙulle a bakin zane,
ƙanena Mani na biye, yana kaɗa makullin akori-kurata
sai ka ce shi ya saye ta.

Mani ya hango wata baƙa siɗik, 'yar Kwatano,
zanenta zurfi kamar tsagen kakarmu.
Ya ce, Yaya Harira, wannan!
Dubi harafinta, ɗari biyu da goma take sha a awa.

Girema ya tofa miyau, ya goge gefenta.
Ya ce, ka karanta harafi, yaro, ka tsallake lamba.
Tamanin da takwas.
Kilo ɗari biyar da sittin, iyakar wuyanta ke nan.
An yi ta ne don mutum ɗaya da jakarsa,
a ƙasar da sanyi ke kwana bisa kwalta.
Buhu nawa kuke ɗorawa daga Gidimuni?

Na ce goma sha biyu.
Ya dube ni.
Na ce, wata rana sha huɗu.
Bai daina dubana ba.
To, da mata uku a bisa, da rago idan salla ta matso.

Ya shiga can ƙurya ya mirgino wata,
mummuna, mai kaurin wuya, ƙura har kunne.
Ɗari da biyu, ya ce. Kilo ɗari takwas da hamsin.
Gudunta bai kai na waccan ba, ɗari da saba'in.
Yaushe rabon motarki da tamanin?
Doki na da kyau, amma ba shi ke zuwa rijiya ba.

Ya kama yatsana ya ɗora kan wasu lambobi huɗu
a cikin ɗan zobe.
Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.
Ita ma taya tana da ranar haihuwa,
tana tsufa ko tana kwance.
Waccan ta Mani ta girmi ɗiyarki.

Na kwance bakin zane.
Jikkunan ba su kai huɗu ba, ko uku ba su kai ba.
Biyu na ɗauka.
Ya ce a baya za su zauna, inda nauyi ke zama,
ki rage buhu biyu har ki dawo,
iska kuma da safe ake aunawa, kafin roba ta yi zazzaɓi.

Mani ya yi fushi har Bakin Birji.
Can muka tsaya, rana tsaka, kwalta na tashi kamar ruwa.
Na sauka na dafa ta baya
yadda nake dafa goshin Tsahara cikin dare.
Ɗumi ne kawai.

Yanzu ko a tasha nake jiran canji
sai idona ya sauka ƙasa, kan ƙafafun motocin mutane.
Ina karanta abin da aka ce su ɗauka,
in ɗaga kai in ga abin da aka ɗora musu.
Jiya Mani ya kama ni ina duban wuyana a madubin mota,
ya ce me na ɓatar.