Wankin Kuza

Ranar Lahadin da janareta ya mutu
a majami'armu ta Bukuru,
ina riƙe da jita, waƙa ta kai ƙololuwa,
sai sauti ya faɗi kamar tulun da ya suɓuce.
Mawaƙa suka tsaya baki buɗe,
fitilu ja da shuɗi suka runtse ido.
Na leƙa ƙirjina, inda na ɗauka Allah ke zaune,
na tarar da ɗaki an kwashe kaya.

Shekara bakwai ina auna Shi da tsigar jikina.
In ta tashi, in ce ga Shi Ya iso,
in ta kwanta, in ce Ya yi fushi Ya fita.
Na mai da Ubangiji baƙon biki,
wanda sai an kaɗa ganga yake shigowa.

A bencin baya, jikin taga,
Baba Mancha bai ko ɗago ba.
Nakiyar ramin kuza ta cinye masa kunne
tun uwata ba ta san ubana ba.
Bai san kiɗa ya tsaya ba,
kamar yadda bai san ya fara ba.
Tabaransa ɗaure da zaren buhu,
yatsarsa na tafiya a kan layi
irin tafiyar mai shuka a kunya,
leɓensa na bin ta a baya.

Da aka tashi na tare shi a gindin rastata.
A bayan ambulan baiko na rubuta masa:
Baba, kai me kake ji in ana sujada?
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce, ji?
Ni da ji mun raba gari tun zamanin kamfani.

Ya ce, yaro, ka taɓa wankin kuza?
Ka ɗebi ƙasa a ƙwarya ka shiga rafi,
ka juya, ka juya.
Ruwa shi ne mai surutu, yashi shi ne mai ƙyalli,
su biyun duk tafiya suke yi.
Abin da ya rage a gindin ƙwarya baƙi ne,
ba ya ɗaukar ido,
nauyinsa ne ya zaunar da shi.
Shi kaɗai ake ɗorawa a sikeli.

Daren da na binne Chundung,
zuciyata ta fi duwatsun Shere sanyi.
Na buɗe Littafin, ba hawaye, ba daɗi,
na tarar alkawarin yana nan inda na bar shi.
Ranar auren jikata na yi rawa da sandata,
na dawo na buɗe,
bai ƙaru da ko wasali ɗaya ba.
To wanne zan jingina da shi,
ni da nake sauyawa kamar hadarin Jos,
ko abin da aka rubuta?

Ya naɗe Littafin a leda, don sama ta haɗa rai,
ya nufi bakin titi neman keke.

Ban jefar da jitata ba.
An gyara janareta, ran Lahadi zan kaɗa,
in tsiga ta tashi, marhaba da ita.
Amma yau Talata ce, ƙarfe huɗu na asuba,
sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
gwaten jiya ya daskare a tukunya,
kuɗin haya ya cika, aljihu bai cika ba.
Ba ganga, ba fitila mai launi,
sai tocilan da batirinsa ke haki.

Ba na jin komai.
Na sa yatsa a kan layin farko.
Ina juya ƙwaryata.