Kuɗin Sallama

Shekara talatin a ɗakin haɗari
ina jinya, sai bana na huta.

Kuɗin sallama suka faɗo ran Talata,
na ce wa Sabitu, raka ni in ga mota.

Muka bi hanyar Kachia da hantsi,
ya hango wata ja, rana na dukanta.

"Yaya, dubi ƙafafun! Ji sauti!
Duk Barnawa sai an tsaya kallonta."

Dillali Mamuda yana ta shafa,
wai kujerar fata ce, ga sanyinta.

Na ce, Malam, ba fenti na zo saye ba,
faɗa mini abin da ke cikinta.

In ruwan Agusta ya jiƙa kwalta
na taka birki, tana riƙe kanta,

ko ƙafafun za su ƙame su zame
ta nufi kwalbati bisa son ranta?

Jakar iska nawa? Ta gaba kaɗai ce
ko akwai ta gefe, saitin hanta?

Tana da ido a ƙeya? Jikata Iklima
rarrafe take, ba a jin motsinta.

In gyangyaɗi ya sa na bar hannuna
a Maraban Jos, za ta yi ƙara in saita?

Ya yi dariya. "Haba Hajiya,
mutuwa in ta zo, wa ke tare ta?"

Na sani, Mamuda. Idanun da na rufe
da hannun nan, lissafin na manta.

Amma wani dare an kawo mana biyu
daga gadar Kawo, lokacin ana wuta.

Ɗaya ya tashi yana neman hularsa.
Ɗayan, uwarsa na kasa duban fuskarta.

Gudu ɗaya, ruwa ɗaya, motoci biyu,
ɗaya da jakarta, ɗayar an cire tata.

Allah ke tsarewa, ban musa ba.
Shi kuma Ya ba maƙeri hikimar ƙera ta.

Na zaɓi wata mai ruwan toka a lungu,
ba ƙyalli, ga tsada, na biya na ja ta.

Sabitu bai ce uffan ba har gida,
wai na sayo tsohuwa tun da ƙuruciyarta.

Da la'asar ina ja da baya a tsakar gida
ta tsala ihu. Na taka. Na fita.

Bokitin wanki ne kawai.
Iklima na barci, goye a bayan uwarta.

Na daɗe a tsaye, ban ɗauke bokitin ba,
tafin hannuna a kan murfinta.