Tsakanin Hatimi Biyu

Yaron biro ya shimfiɗa takarduna bisa tebur,
ya danne su da kofin shayi kada fanka ta kwashe.
Yana bin layi da bakin alƙalami
kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkafa,
sai ya tsaya.
"Malam Arzika, nan ka ajiye kamyon Alhaji Nomau.
Nan kuma yau ce.
Tsakani fa?"

Na duba. Fari ne fat, bai kai faɗin yatsa biyu ba.
Shekara huɗu kwance, ba wanda ya sa musu hannu.

Ni da na san Tawa zuwa Arlit rami-rami,
na san inda kwalta ke gajiya bayan Abalak
ta bar ka kai da Allah,
na sauke simintin Malbaza, na kwashi albasar Galmi
har warinta ya kama rigar Sallata.
Shekara goma sha bakwai ban kwantar da mota ba,
ko akuya ban taka ba,
sai wata zabuwa a Badagishiri,
ita ma na biya.

Ba wannan ya tambaya ba. Farin yake tambaya.

To, rubuta.
Wata Laraba tsohona ya faɗi bakin rijiya,
ɓarin jikinsa na dama ya tafi ya bar shi.
Ƙannena suna Abija, waya kawai ke kawo su.
Na miƙa makulli na ce wata biyu.
Wata biyu ya haifi damina huɗu.

Na koyi juya mutum yadda ake shan kwana da tanki cike,
sannu, kada abin da ke ciki ya girgiza.
Na yi tuƙin dare ba fitila,
daga tabarma zuwa bayan ɗaki,
da lodi mai kilo arba'in
wanda ke ce mini "Allah shi maka albarka" da rabin baki.
Hanyar nan ba jandarma, ba duwan,
ba mai buga hatimi.
Da ya sauka tasharsa ta ƙarshe, bara da kaka,
liman bai ba ni takarda ba.

Yaron ya sosa ƙeya. Ba mugu ba ne,
na ga alamar shi ma yana da tsoho a gida.
"Baba, ni na yarda. Na'ura ce ba ta san uzuri ba.
Masu asirans sun ce hannun da ya huce shekara biyu
sai ya koma karen mota.
Maigida kuwa in ya ga fari, kaso yake gani,
ko ƙwaya, ko ramin zinariya,
ko motar da aka kifar aka rufe zancen."

Karen mota.
Da furfura a gemu in riƙa cusa dutse ƙarƙashin taya,
in dafa wa sa'an ɗana shayi.
Na naɗe takarduna, faramin da na sabunta da kuɗin raguna biyu,
na ce masa a gai da gida.

A bakin ƙofa wata tirela na neman shiga da baya.
Direban yaro ne, takardunsa ba fari ko ɗigo,
sau uku yana kai wa ginshiƙi sumba.
Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.
Karya dama. Ƙara. Tsaya. Saki.
Zo, zo, zo.
Ta shige kamar zare a kunnen allura.

Ya ɗaga mini hannu ta madubi.
Sama, a bene, labule ya motsa,
ko iska ce, ko mutum, ban sani ba.
Na tsaya kaɗan, ina gyara takalmin da bai kwance ba,

sannan na tari kabu-kabu zuwa gida.
Yaron na sa giya, ni ina jin kukanta a gwiwata.